Azumin Inna Rifkatu

"Inna, ko ki sha da kanki, ko in ɗura miki," na ce, ina riƙe da kofin kunu.

Inna Rifkatu ta juya ta fuskanci bango. "Yau Laraba ce, Hapsatu. Kin sani."

Na sani mana. Shekara goma sha tara katanga ɗaya ce tsakaninmu a nan Birnin Kudu. Ni Musulma, ita Kirista, daga wani ƙauye a gefen Kwandiko. Ita ta yanke cibiyar 'ya'yana huɗu. Tun da na san ta, ranar Laraba ko ruwa ba ta sha sai rana ta faɗi. Azumi take yi saboda Kiristocin da ake tsananta wa a duniya, waɗanda aka kulle da waɗanda aka kora daga gidajensu. Alkawari ne ta yi wa Allah tun da sauran ƙarfinta.

To yanzu ciwon suga ya kama ta. Larabar da ta wuce a bakin rijiya na tsince ta a sume. Likita ya faɗa a gabana, in ta sake wuni da yunwa, ba lalle ta tashi ba. 'Yarta Saratu tana aiki a Gwaram, sai Asabar take zuwa. Saura ni ke nan.

Na zauna a bakin katifa. Ita kuwa ta rufe ido ta ci gaba da addu'arta a fili, tana kiran ƙasashe ɗaya bayan ɗaya. Koriya ta Arewa, Fakistan, Eritiriya, har da namu na gida. Tana gamawa da su, sai ta koma kan masu riƙe da makullin, wai Allah ya tausasa zuciyarsu.

"Har da su, Inna?"

"Su suka fi bukata."

"Eritiriyar nan ta fi Makka nisa?"

"A hanya take. In Malam ya biya miki Hajji, ki leƙa ta taga."

"Kin san ko mutum ɗaya a can?"

"Ban sani ba. Shi ya san su."

Kunu ya fara hucewa.

Na ce, "Inna, mu a wajenmu tsohon da azumi zai illata ba ya yi. Ciyarwa yake."

Ta buɗe ido ɗaya. "Au, da kunu za ki musuluntar da ni?"

"Shekara goma sha tara ban iya ba, sai yau?"

Ta ɗan yi dariya, tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta ce, "'Yar nan, su can ba wanda ke tambayarsu ko suna da suga. Ni in ƙoshi, sannan in ce ina tunawa da su?"

"To in kika mutu yau, Laraba mai zuwa wa zai kira sunayensu? Ni dai bakina ba zai iya ba."

Ta kau da kai. Har na zaci na ɓata mata rai. Can sai ta ce, "Tuwona ba zai kai Eritiriya ba. Akwai gero a buhun can. Ki tuƙa, ki kai gidan yari na garin nan."

"Inna, na nan ai yawanci namu ne. Wasu ma laifi suka yi."

"A kulle suke ko? Miƙo kofin."

Ta sha rabi, hawaye na bin kumatunta. Ban taɓa ganin mutum ya haɗiyi kunu da wahala haka ba. Amma ta sha, ta sha maganinta, ta koma kan addu'arta daga farko.

Laraba shida ta ƙara a duniya. Duk safiyarsu ta sha kunu tana harara ta, ni kuma in ɗora tukunya. Ta rasu ranar Litinin bayan la'asar, Saratu na riƙe da hannunta. Matan cocinsu suka cika gidan da waƙa, mu muka kai tabarmi da ruwa. Washegari aka tafi da ita ƙauyensu.

Ranar Laraba na ce wa Malam akwai sauran gero. Ya ce, "Amana ce. Ki kai."

A bakin ƙofar gidan yari na tarar da wani gandiroba da ban saba gani ba.

"Hajiya, wa aka kawo wa?"

"Wanda ba a zuwa dubawa."

"Daga wa?"

"Daga maƙwabciyata."

Ya buɗe kwanon ya duba. "Sai kin ɗanɗana tukuna. Haka dokar take."

Na gutsuri loma, na dangwali miyar kuka, na yi bismillah na ci. Ya rufe ya shige da shi ciki. Na koma gindin darbejiya na tsaya ina jiran kwanon.