Agwagin Dawuda

Shekarar da hawan jini ya kayar da Dawuda a tsakiyar gonarshi ta Dudunni, gero bai ma kai gwiwa ba. Maƙwabtan gona ne suka ciccibo shi aka nufi asibitin Kankiya da shi. Ya dawo da ranshi, amma hannun hagu ya zama kamar na aro, ƙafar kuma sai ya ja ta. Mutumin da ba a taɓa riga shi fita gona ba, sai ga shi zube kan tabarma a gindin bishiyar bedin tsakar gida, yana kallon inuwa tana zagaya shi. Ƙannenshi suka karɓi noman. Likita ya ce ya riƙa takawa ko yaya ne, ya ƙi. Matarshi Rahamatu ta yi lallashi har ta gaji.

Ana nan sai ɗiyarsu Hafiza, wadda ke aure a Kusada, ta zo dubiya ɗauke da kwali. Da ta buɗe, agwagi biyu ne mata da toro ɗaya.

"Mi zan yi da waɗannan ƙazaman?" in ji Dawuda.

"Baba, kajin gidan nan na Inna ne. Waɗannan naka ne. In ka ga dama ka bar su da yunwa."

Ya ko kau da kai daga gare su. Sai wata rana Rahamatu ta tafi gidan suna, rana ta take, kaskon ruwansu ya bushe ƙayau. Agwagin suka zo gabanshi suka tsaya, baki buɗe suna haki. Ya kore su, suka dawo. Daga ƙarshe ya ja tsaki, ya dafa bedin ya miƙe, ya jawo ƙafa har bakin randa. Rabin ruwan a ƙasa ya zube, amma ya cika kaskon. Ya tsaya yana kallon yadda suke cusa kai ciki suna watsa wa bayansu, har bai san lokacin da dariya ta ƙwace mishi ba.

Tun daga nan ya sami abin yi. Shi ke kwaɓa musu dusa da hannu ɗaya, shi ke duba akurki. Da suka yi yawa sai ya fara kora su kududdufin bayan gari kowace safiya, su a gaba suna rangaji, shi a baya da sanda yana nashi rangajin. Mutane na yi mishi ba'a, wai an rasa wa ke koyon tafiyar wani, shi ma yana taya su dariya. Kafin damina biyu ta wuce, gidan ya cika da agwagi, ƙafar kuma ta saki har yana zuwa masallaci ba mai riƙe shi.

Danga ɗaya ce ta raba gidanshi da na Hassana, matar amininshi marigayi Manu. Tun da mijin ya rasu, kaji da zabi ne ke riƙe da ita da marayun jikokinta. Sabulu, magani, littafin Islamiyya, duk daga akurki suke fitowa. Kajinta kan ratso ta ƙasan dangar su sha ruwa a kaskon agwagi, Dawuda bai taɓa korarsu ba. Har tsaba yakan watsa musu, ya ce haƙƙin Manu ne.

Bayan an gama girbi, ruwan kududdufi ya ja baya. Wata safiya agwagin suka riga shi isa kamar kullum. Tun daga nesa wari ya tare shi. Da ya ƙarasa sai ya ga buhuna jibge a bakin ruwa, wasu sun fashe, mushen fararen kajin gidan gona ya tarwatse cikin taɓo. Ga sawun tayar mota nan ya juya ya koma titi. Agwaginshi kuwa har sun shiga tsakiya suna wasoson ƙudaje da tsutsa.

Ya yi ihu, ya jefa sanda, ya kusa faɗuwa. Kafin ya tattaro su, babu wadda ba ta tsoma baki a ruwan nan ba.

A hanyar komawa ya yi niyyar biyawa ya shaida wa mai unguwa. Har ya karkata, sai ya tsaya. In ya faɗa, abu na farko da za a ce shi ne ya kulle agwagin ko ya rabu da su. Ya dube su, sumul, suna tafe suna kaɗa bindi. Ya ce a ranshi ai agwagwa ba ta ciwon kaji, in ya ɗan hana su kududdufin shi ke nan. Ya wuce gida bai ce wa kowa komai ba, har Rahamatu. Karnuka da ungulu suka gama da mushen.

Zakaran Rahamatu ne ya fara. Aka wayi gari bai yi cara ba, yana rakuɓe jikin rumbu, fukafukai sun saki, yana gyangyaɗi. Kafin la'asar wuyanshi ya murɗe. Ta jiƙa sassaƙen maɗaci da barkono ta ɗura wa sauran, bai hana komai ba. Daga nan ciwon ya tsallaka danga. Kullum da safe Dawuda na jin Hassana tana salati, yana jin ƙarar kwando tana kwasar waɗanda suka kwana suka mutu. Sai gida na gaba, sai na gaba da shi. Unguwar da asuba ba a jin kiran salla sosai don carar zakaru ta yi tsit.

Agwagin Dawuda ko gashi ɗaya bai faɗi ba. Su kaɗai ke yawo a tsakar gida, sun yi ɓul-ɓul, kuma duk wanda ya leƙo ya gan su sai ya fita da magana a bakinshi.

Mai unguwa ya sa aka kira malamin dabbobi daga Kusada. Aka taru a ƙofar gidanshi, maza a gaba, mata daga cikin zaure. Malamin ya ce ciwon ba ya kama mutum, amma in ya shiga kaji ba ya da magani sai rigakafi. Wani ya tambaye shi batun agwagi.

"Agwagwa takan ɗauki ciwon ta yi ta yawo da shi ba ta kwanta ba," in ji malamin. "Amma ban ce su ne ba. Shina iya zuwa daga kasuwa, ko a takalmin mutum. Akwai wanda ya ga an zubar da mushen kaji kusa da nan?"

Aka dubi juna. Dawuda ya sunkuyar da kai yana zanen ƙasa da sanda har aka watse.

Washegari da hantsi Hassana ta yi sallama. Rahamatu ta shimfiɗa mata tabarma, ta ƙi zama. Ta rame, idonta ya faɗa.

"Malam Dawuda, ta ƙarshen ta mutu ɗazu," ta ce. "Kazar nan wake-wake da kake cewa ta fi kowa wayo. Mutane na ta faɗin agwaginka ne, ni ko na ce musu kada su ɗauki alhakinka, bawan Allah da ke fama da kanshi. Na zo ne kada ka ji a bakin wani ka zaci da ni a ciki."

Da zaginshi ta yi da ya fi mishi sauƙi. Ya daɗe yana kallon kaskon ruwan, sannan ya ce, "Hassana, zauna."

Ya faɗa mata komai, buhunan, da sawun motar, da yadda ya karkata zuwa gidan mai unguwa ya fasa. Rahamatu ta saki muciyar da ke hannunta.

Hassana ba ta ɗaga murya ba. "Ka gani da idonka?"

"Na gani."

"Kuma kana kallon kajina suna shan ruwan nan kullum?"

Ta dubi dangar, ta ci gaba.

"Da ka ce mani in toshe dangar, Malam. Ko wannan kaɗai. Ba sai ka je wa mai unguwa ba, ni ba zan faɗa wa kowa ba." Ta gyara mayafinta. "Allah ya sa haka shi ne mafi alheri."

Ta fita. Rahamatu ta bi ta har zaure tana ba ta haƙuri, ta dawo ita kaɗai, ba ta dubi inda yake ba.

Labari bai kwana ba ya kai kunnen Sada, dillalin kaji mai bin kasuwanni da kejinshi a bayan babur. Ya zo ya tsuguna gaban Dawuda, ya rage murya.

"Malam, ka ba ni su duka in kai kasuwa mai nisa, inda ba a san mu ba. Lafiyarsu lau, wa zai gane? Ka huta da surutu, kuma ba ka tashi a tutar babu ba."

Gidan ba hatsin kirki, ga maganin hawan jini ya kusa ƙarewa. Dawuda ya ɗago ya ce, "Can ɗin ma akwai irin Hassana."

"To mi za ka yi da su?"

"Wuƙarka na da kaifi?"

Sada ya dube shi, ya ga ba wasa yake ba. A bayan rumbu aka yi. Dawuda ba ya iya riƙe su da hannu ɗaya, don haka shi ke kiran su da muryar da suka sani, su taho da gudu suna zaton dusa ce, Sada ya cafke. Toron farko, wanda Hafiza ta kawo, ya tsufa ya yi nauyi, sai da ya yaƙushe Sada a hannu. Ta ƙarshe tana cikin akurki tana kwanci, saura kaɗan ta ƙyanƙyashe. Ta yi ta huci tana saran hannu, ta ƙi tashi daga kan ƙwan.

"A bar wannan mana," in ji Rahamatu. "Guda ɗaya ce."

"Fito da ita," in ji Dawuda.

Aka haƙa rami aka binne gashi da kayan ciki da ƙwan gaba ɗaya, aka fasa kaskon, aka ƙone shimfiɗar akurkin. Naman ya fi ƙarfin gidan, Rahamatu ta soya ta rarraba cikin unguwa. Wasu suka karɓa, wasu suka ce ba su cin agwagwa. Kwanon da aka kai gidan Hassana ya dawo a rufe yadda aka kai shi.

Ciwon ya gama cin abin da zai ci ya wuce. Ko agwagin ne suka kawo shi, ko da ma zai zo, babu wanda ya iya tabbatarwa, kuma ba a taɓa sanin mai motar ba. Masu hali suka sayo sababbin kaji. Hassana ba ta da abin sayen ko ɗan tsako. Ta jure har rani ya yi nisa, sannan yayanta da ke Bauranya ya aiko a kwashe ta da jikokin, ta bar ɗakin da ta shiga tun tana amarya.

Ranar tafiya ta shigo sallama. Suka rungume juna da Rahamatu suna kuka. Sannan ta juyo wajen Dawuda, ta ɗan rusuna.

"Malam, za mu tafi. A yafe mu."

"Ni ne mai neman yafiya, Hassana."

"Allah ya yafe mana baki ɗaya. Allah ya ƙara sauƙi."

Ya so ya raka ta ko bakin zaure ne, don darajar Manu. Ya laluba sandarshi, ya yunƙura, ƙafar ta ƙi. Ya sake yunƙurawa, ya koma zaune. Hassana ta ce ya bari, ba komai, ta fita.

Yana nan zaune ya ji ana ɗaure kaya a kan amalanke, ya ji mai shanun ya yi musu tsawa, ƙafafun amalanken suka fara gurzar ƙasa. Da Rahamatu ta dawo daga rakiya, ido jawur, ta ajiye mishi kwanon fura a gefe. Ya ce ta rufe, sai an jima.