Kafintan da Aka Kawo Misali a Aji

Auta ta ɗaga hannu tun kafin malaminsu Dokta ya rufe baki. Misali ya nema na alkawarin baka, irin wanda ba a rubuta ba, ita kuwa amsa ba ta kwana a cikinta. A darasin dokar yarjejeniya babu mai shan gabanta, kuma ta san da hakan, wanda shi ne babban ciwonta.

Ta miƙe ta kawo labarin wani kafinta, ba ta dai ce mahaifinta ne ba. Tun suna samari amininsa ya ba shi rumfa a jikin gidansa, ya ce ya zauna har ƙarshen ransa. Ba haya, ba takarda, ba shaida. A rumfar ya tsufa, da ita ya ciyar da iyali. Bara aminin ya rasu, magada kuma ba su ce uffan ba, don a zatonsu maganar tsohonsu ta ɗaure su.

Dokta ya ji daɗi, ya tura hannun riga, suka feɗe biri har wutsiya. Ya tambaye ta abin da kafintan ya taɓa bayarwa a madadin rumfar, ta ce babu. Ya tambaye ta ko akwai waɗanda suka ji alkawarin da kunnensu, ta ce duk sun riga mu gidan gaskiya.

"To, me ya rage wa kafinta?"

"Alfarma aka yi masa, Dokta, kuma ta bi mai ita kabari. Ranar da magada suka ga dama, sai ya kwashe kayansa."

Aji ya ɗauki tafi. Tana juyowa za ta zauna ta hango Dogo a layin baya, babban ɗan marigayin. Maimaita darasin yake yi, kuma zuwa aji bai dame shi ba, shi ya sa ta manta da shi sam. Yau dai ya zo, kansa a sunkuye, rubutu yake yi kamar an biya shi. 

Ta tare shi a matakala, tana ta in-ina cewa wani kafinta ne daban, na wata unguwa. Dogo ya yi murmushi.

"Haba ƙanwata, ai godiya zan yi miki. Na sha faɗuwa a darasin nan, sai yau na gane shi."

Ya ƙara da cewa wani mai kantin magani ya daɗe yana naci a kan rumfar, shi ne yake ta ba shi haƙuri. Ya ce ta gaida Baba.

A cikin bas ta yi ta juya dokar a ranta, tana neman inda ta yi kuskure. Ba ta taɓa roƙon Allah ya sa ta faɗi amsa ba daidai ba sai yau. Amsar dai ba ta da makusa.

Ta tarar da Baba a rumfa yana goge wata ƙofa, fensir a bayan kunne, garin katako har cikin gemu. Sababbin kwanukan rufi na jingine da bango, don ya ƙudura zai sake rufin kafin ruwa ya sauka. Tausayinsa ya kama ta har ta kasa gaishe shi yadda ya kamata.

"Lauyata, an dawo?" Ya ajiye aikin yana fara'a. "Yanzu Dogo ya kira ni. Wai gobe zai zo da ƙannensa, akwai maganar da za mu yi. Kin ga ɗan halak, bai yar da zumuncin ubansa ba. Kar ki je ko'ina gobe. Ina so ki zauna kusa da ni, su ga abin da rumfar nan ta haifa."

Auta ta ce to.