An Tashe Shi Daga Gindin Mangwaro

Baban Zuhura ba shi da kabari. Wannan nake so a fara sani, don kada wani ya ji labarina ya ce ga babbar mace, mai sayar da albasa a kasuwar Lolo, ta zauce a kan wasan waya.

Jirgin ruwa mai inji yake tuƙawa, yana ɗaukar kaya da mutane tsakanin Lolo da Dole Kaina, wani lokaci har tsallaken Benin. Damanar bara kogi ya cika, iska ta same su a tsakiya. An tsamo waɗanda aka tsamo, masu rai da marasa rai. Shi kuwa Sarkawa masunta sun yi ta nutso har suka gaji, ko hularsa ba a gani ba. Aka yi masa salla babu gawa, na yi takaba, aka watse. Masu gaisuwa suna cewa Allah ya jiƙansa, ina cewa amin, amma kunnena yana bakin ƙofa.

Wayarsa ce ta tsira, domin ranar ya manta ta a kan buhun gero.

A cikin wayar akwai wani gem da wasu matasa a Birnin Kebbi suka yi, sunansa Ƙetare. Ɗan mutum ne da ɗan jirginsa, kana tuƙa shi da yatsa, yana kai kaya gari gari, yana kauce wa kututture da dorina. Na sha yi wa maigidana tsiya a kansa. Mutum ya wuni a kan ruwa, ya dawo gida ya miƙe a tabarma, ya sake shiga ruwa da babban yatsa, tuwo yana hucewa. Ya zaɓa wa ɗan mutumin hular malfa irin tasa, ya kuma rubuta masa sunansa a saman kai, Badamasi. Sunan da bakina bai saba kira ba. Mahaifiyarsa ma, Inna 'Yar Baba, da muke gida ɗaya da ita, ba ta taɓa kiransa ba, saboda ɗan fari ne. Mai jirgi take ce masa.

Ana saura 'yan kwanaki abin ya faru, ya kira ni ina tsakar tsane shinkafa.

"Taho ki gani, Sailuba. Na kai shi gida."

Na leƙa. Ɗan mutumin ya ɗaure jirginsa a turke, ya zauna gindin mangwaro a ƙofar wata bukka, ya cire malfar ya ɗora a gwiwa. Hayaƙi yana tashi daga bayan bukkar. A ƙasa an rubuta: Ƙarshe.

Na ce, "To sai mi?"

Ya ce, "Sai hutu. Aiki ya ƙare."

Bayan rasuwar, duk lokacin da na buɗe gem ɗin, haka nake tarar da shi. Yana zaune, ƙirjinsa yana ɗan tashi yana sauka, ganyen mangwaro yana kaɗawa. Ba na taɓa komai. Na san zane ne, ban haukace ba. Amma duk wadda ta rasa miji tana da wurin da take ajiye shi a ranta, ta ce yana can kwance, an rufe shi, an yayyafa ruwa. Ni in na rufe ido, ruwa nake gani yana juya shi. Wannan ɗan gilashin ne kaɗai inda na taɓa ganinsa a tudu, hankali kwance. Inna kuwa nata wurin bakin kogi ne. Kullum bayan la'asar sai ta ɗauki carbi ta tafi ta zauna tana kallon ruwa, ba mai iya hana ta.

Da wutar hasken rana ta maƙwabta nake yi wa wayar caji. Da damana ta sake zagayowa, hadari ya yi kwana da kwanaki bai bar rana ta fito ba, wayar ta mutu, sai na kai ta wurin Kanta mai caji a bakin tasha. Kanta mutumin kirki ne, kirkinsa ma har ya yi yawa. Irin 'yan kasuwar nan ne da ba ka barin rumfarsu sai sun yi maka gyara. In ka kawo caji, sai ya goge maka gilashi, ko ya zuba maka wa'azi, ko ya share abin da ya cika wayar. Ni ma haka nake, ba na auna albasa ban ɗora biyu a kai ba, don haka ba ni da bakin zaginsa.

Da yamma ya miƙo mini wayar yana murmushi.

"Maman Zuhura, na yi maki gyara. Gem ɗin ga na marigayi, masu shi sun sako ƙari. Na sauke maki da layina na Benin, shi ad da sabis."

Na yi godiya. Ban fahimci abin da ya faɗa ba sai da na isa gida.

Na buɗe. Sama ta yi baƙi a cikin gilashin, ruwa ya hauro har saiwar mangwaro, hayaƙin bukka ya mutu. An rubuta: Cikar Kogi. Ina kallo ɗan mutumin ya ɗauki malfarsa ya sa, ya miƙe. Shekara guda yana zaune, yau ya miƙe. Ya taka zuwa turke, ya kwance igiya, ya shiga jirgi.

Na ji bakina yana cewa, "Zauna."

Jirgin ya fita tsakiya yana jiran hannun da zai tuƙa shi, ni kuwa ban iya ba. Ruwa ya ja shi, ya buga wani kututture, ya kife. Malfar ta taso tana juyawa a kan ruwa, sunan yana bisanta. Gilashin ya yi duhu, ya sake haske, sai ga shi a bakin turke yana kwance igiya. Na tsaya kamar an dasa ni, har ya sake nutsewa, ya sake dawowa. Abin da ban gani da idona ba bara, abin da nake roƙon Allah kullum ya cire mini daga kai, shi aka zana aka sa mini a tafin hannu. Na kife wayar a ƙarƙashin matashi. Duk da haka ji nake yana can ciki yana kwance igiya.

Da safe ko kasuwa ban buɗe ba, na tsaya a kan Kanta. Na faɗa masa maganganun da ba zan maimaita ba. Bawan Allah ya yi ta latse-latse, gumi yana zuba masa.

"Wallahi ba ya komawa baya. Sai dai in goge shi gaba ɗai in sake saukewa."

"In ka goge, shi fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Sai a faro daga farko. Ba suna, ba hula."

Ya lalubo wata lamba a ƙasan gem ɗin, ya kira, ya miƙo mini. Mace ce ta ɗauka, ta ce sunanta Hamdiyya, tana cikin masu yin wasan. Na shirya faɗa, amma muryarta ta mutanen arziki ce, ta bar ni na yi bayani har na gama.

Na ce, "Ku kunka zaunar da shi. Ku kunka rubuta ƙarshe da hannunku. Don mi kunka tashe shi?"

Ta fara yi mini ta'aziyya. Ta ce mutane ne suka yi ta rubuto musu cewa sun gaji da ganinsa zaune, suna son wani abu. Ta ce wasan da ba a ƙara masa komai, goge shi ake yi a manta, su kuma su huɗu ne a ɗaki ɗaya, da wannan suke ci. Ta ce da yawa sun ji daɗin ƙarin, har wani direba ya kira yana sa musu albarka.

Ban ƙaryata ta ba. Na ce, "To ni da ban ƙosa da nawa ba, ina zan sa kaina?"

"Anti, ba mu yi tunanin irinki ba. Gaskiya ke nan."

"Yana komawa gida?"

"Yana komawa, in an ƙetare da shi cikar. Zai zauna. Sai dai in kin rufe kin sake buɗewa, za ki tarar da shi bakin ruwa da sabon aiki. Mun yi haka don kada mutane su rasa abin yi."

Wato zama ɗaya ya rage masa, shi ma sai in wani ya kai shi.

Kanta ya ce zai buga mini, kwana biyu ya gama. Na ƙi. Hannun wani ya isa haka.

Da yatsun da albasa da wanki suka farfasa na fara koyon tuƙi. In kasuwa ta yi sanyi da azahar, sai in ja mayafi in rufe kaina da wayar. Matan layinmu suka ɗauka karatu nake, har ana cewa Sailuba ta kama ibada. Na kifar da shi ban san iyaka ba. Duk sanda ya kife sai in ce masa yi haƙuri, in sake. A hankali na gane ruwan. Na gane in ya yi santsi kamar mai, akwai abu a ƙasa. Na gane ba a gaba da igiyar ruwa, bi ake yi da ita a saci hanya. Duk abubuwan da yake faɗa mini a kan tabarma ina jinsa da rabin kunne, ashe sun zauna.

Zan faɗi abin da ya fi ba ni tsoro. Na fara jin daɗi. In na karkata yatsa ya karkata, in na tsaya ya tsaya, kamar muna aiki tare. Na fara ɗokin azahar. Wata rana na kai shi dab da gaɓar ƙarshe, ina ganin mangwaron daga nesa, sai na ɗauke yatsana da gangan, don kada abin ya ƙare. Na zuba ido ya kife. Ranar ban iya cin abinci ba. Ni da na je ina tuhumar mutanen Birni, ga shi na mayar da shi ruwa da hannuna don kawai ban gaji da shi ba.

Washegari ban je kasuwa ba. Bayan la'asar Inna ta fito da carbinta za ta bakin kogi, ta same ni a gindin rumbu. Ta daɗe da lura, ba ta dai yi magana ba.

"Ɗiyata, mi kike ɓoyo cikin abin ga?"

Na matsa mata a tabarma. Idonta ba ya ganin rubutu, kuma ba ta yi boko ba, amma malfar ta gane. Ta zauna a hankali.

"Mai jirgi na?"

"Shi na, Inna. Gida za ni kai shi."

Ba ta tafi kogi ba ranar. Ta dafa gwiwata, na kama tuƙi. Iska ta taso a cikin gilashin, kututture suna tahowa bibbiyu, na bi ta gefen ciyawa inda ruwa ba shi da ƙarfi. Hannunta yana matse ni duk sanda jirgin ya karkata. Da muka zo wurin da na sake shi jiya, ban ɗaga yatsa ba. Goshin jirgin ya taɓa ƙasa.

Ya fito, ya ɗaure igiya a turke. Ya taka zuwa gindin mangwaro ya zauna, ya cire malfar ya ɗora a gwiwa. Hayaƙi ya fara tashi bayan bukka. Na duba ƙasa inda kalmar nan take a da. Yanzu an rubuta: Akwai ci gaba bayan salla.

Na ce a raina, ku ci gabanku.

Batir ya yi ja. Na gaya wa Inna yadda abin yake, cewa in na rufe na buɗe, za su sake tashinsa, kuma ba ni da niyyar sake kai wayar caji wurin kowa. Ta gyaɗa kai. Na jingina wayar da ƙwaryar gero, muka zauna muna kallonsa, ina ɗan taɓa gefen gilashin in ya fara dushewa. Kaji suna ta kiwo a gabanmu. Daga tasha ana jiyo janaretan Kanta. Ba wadda ta yi kuka. Ƙirjinsa yana tashi yana sauka, ganye yana kaɗawa, har wayar ta yi ɗan ƙaranta na gargaɗi.

Inna ta sunkuya dab da gilashin, ta yi magana ƙasa ƙasa, yadda ake yi wa wanda ya dawo daga tafiya a gajiye.

"Badamasi, ka iso. Sannu da hanya."

Gilashin ya mutu yana zaune. Na naɗe wayar a cikin farin ƙyalle na sa a ƙasan akwati. Inna ta ce Allah ya jiƙansa, na ce amin, kuma ban saurari ƙofa ba.