Minti Goma Sha Takwas na Farkon Kaset

Fim uku aka yi a kan harbin da aka yi a layin makanikai, kuma a duka ukun daƙiƙa huɗu mijin Malama yake samu. Ta ƙirga da kanta. Za a nuno hoton katin shaidarsa, wanda ya haɗe rai a ciki kamar bai taɓa dariya ba, mai bayani ya ce "na biyar", a wuce. Sauran awa guda kuwa na wanda ya kashe mutum bakwai ne: uwarsa, ɗakinsa, launin rigarsa. Har malaminsa na aji uku aka zaƙulo, ya zauna yana kaɗa kai, wai tun yana yaro ya ga alama. Ya ga alama, amma bakinsa bai buɗe ba sai da kyamara ta zo.

Shekara goma sha biyar ke nan. Malama ta ci gaba da koyar da 'yan aji biyu, ta rene 'yarta ita kaɗai. Masu fim kuwa ungulaye take ce musu, duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofarta ya san ya ɗebo ruwan dafa kansa.

Abin da ba ta iya kora shi ne waya. Yarinyar tana da shekara ɗaya da 'yan watanni uban ya rasu, yanzu ta kai goma sha shida, kuma ta haddace finafinan nan uku kamar karatun jarrabawa. Sai ta kai kan daƙiƙa huɗun ta tsayar, ta zuba wa hoton ido. Wata rana suna shanya ta ce, "Umma, yaya muryarsa take?"

"Murya dai irin ta maza," in ji Malama. "Miƙo min wancan zanen."

Gaskiyar magana ita ce ta manta. Tana tuna warin baƙin mai a hannunsa, da tabon haɓarsa, da yadda yake cire takalmi a tsaye don ƙyuyar sunkuyawa. Amma muryar ta sulale mata, ba ta ma san shekarar da ta tafi ba. Wayarsa ta wancan zamanin ba ta ajiye komai ba. Wannan abu yana cin ta, yana ba ta kunya, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Yaya za ta dubi marainiya ta ce abu ɗaya tak da kika roƙe ni, na yar da shi?

Ita kuwa yarinyar ba ta da laifin da ya wuce dariyarta. Takan fara ne a hankali, ta sarƙe a maƙogwaro, ta ja numfashi da ƙara, sannan ta ɓalle. Malama ba ta ƙaunar jin ta ko kaɗan. "Ke 'yar nan, mace da dariya kamar tsohuwar mota tana neman tashi? Rufe min baki." Har yarinyar ta koyi toshe baki da gefen mayafi.

Ran wata Asabar da hantsi aka yi sallama. Wata mata ce mai kimanin shekara hamsin, da tabarau mai kauri da jakar kwamfuta a kafaɗa. Ta gaishe da Malama a ladabce, ta ce ita edita ce, mai yanka hotuna tana haɗawa, kuma kamfaninsu yana shirya fim na huɗu.

"To Allah ya ba da sa'a," in ji Malama, hannunta a kan ƙofa. "Gidan uwar mai harbin yana can gaba, ita kuke nema."

"Malama, ba hira na zo yi ba. Ko kyamara ban riƙo ba, ki duba jakar. Wani abu na tsinta, kuma naku ne."

Malama ta dube ta sama da ƙasa. Yarinyar ta riga ta leƙo ta bayanta, don haka Malama ta kauce daga ƙofar ba don ta so ba.

Editar ta zauna a gefen kujera, ta yi bayani a taƙaice. Hoton harbin da duniya ta sani, wani ɗan jaridar talabijin ne ya ɗauka, don yana layin lokacin da abin ya faru. Duk mai shirya fim idan ya je gidan talabijin ɗin, takarda yake cikewa ya ce a ba shi daga minti na goma sha tara, inda aka ji harbin farko. Haka na farko ya rubuta, na biyu ya kwafa daga na farko, na uku daga na biyu. Wannan karon mai kula da ɗakin ajiya ya ji ƙyuyar yankawa, ya juye mata kaset ɗin ɗungurungum.

"Kwana huɗu yana kan kwamfutata," in ji ta. "Ni ma daga goma sha tara nake farawa, hannu ya saba. Shekaranjiya na je shan shayi na bar shi ya koma farko. Ashe ɗan jaridar nan ba harbi ya je ɗauka ba, wa ya san za a yi? Ramukan titi ya je tambayar mutane. Shekara goma sha biyar, Malama, ba wanda ya kalli minti goma sha takwas ɗin nan. Har da ni a masu kunyar."

Tsoro ya kama Malama, tsoron kada ta ji murya ta kasa gane ta a gaban 'yarta.

"Ba jini a ciki?" ta tambaya.

"Babu. Na yanke shi nesa da wurin."

Ta buɗe kwamfutar a kan teburin da Malama take duba littattafan yara. Ga layin nan da safe, rana tana haska kwanon rumfuna, wani yana buga ƙarfe. Kyamara ta tsaya kan ƙafafu biyu da suka fito daga ƙarƙashin wata motar haya. Aka kira mai ƙafafun, ya zamo waje, ya miƙe yana goge hannu da tsumma. Yarinyar ta dafe hannun kujera. Ba ta taɓa ganin ubanta yana motsi ba.

Ɗan jaridar ya tambaye shi me zai ce game da ramukan titi.

"Ramuka? Ai ni abokan arzikina ne. In aka gyara titin nan, me zan ci? Kullum da safe sai na gaishe da babban nan na bakin kwana."

Siririyar murya ce, mai sauri, ba irin wadda Malama ta yi ta ƙoƙarin ƙera masa a zuciyarta ba. Amma kafin ya kai ƙarshen maganar ta gane ta, kamar yadda mutum yake gane ƙofar gidansu. Ta ji ta tana neman tsumma, tana ba da haƙuri, tana yi mata waƙar tsokana a bakin murhu. Duk suka dawo a lokaci ɗaya.

Sai ya yi wa maganar tasa dariya. Ta fara a hankali, ta sarƙe a maƙogwaro, ya ja numfashi da ƙara, sannan ta ɓalle, har ɗan jaridar ya kasa riƙe tasa.

Yarinyar ta juyo a hankali ta dubi uwarta. Malama ta kasa haɗa ido da ita. Ashe abin da take tsammanin ta yar, kullum yana cikin gidanta, ita ce take cewa a rufe masa baki.

A cikin hoton ya matso kusa da kyamara. "Za a nuna yau? To ku ce ina gaishe da Mamana, tana gida. Jiya ta yi taku uku ba a riƙe ta ba."

"Wace ce Mamana?" in ji yarinyar.

"Ke ce. Sunan mahaifiyarsa aka sa miki, shi haka yake kiran ki." Malama ta share fuska da bayan hannu. "Kuma taku biyu ne. Na ukun faɗuwa kika yi. Ubanki akwai ƙarin gishiri."

Editar ta cire tabarau tana gogewa, ta daɗe tana gogewa. Can ta ajiye wani ɗan filashi mai ɗauke da hoton a kan teburin, ta ce wannan nasu ne, ko sun yarda a sa a fim ko ba su yarda ba. Mutum huɗu cikin bakwai ɗin suna cikin mintocin nan, ɗaya yana gardama, ɗaya yana cin abinci. Tana so fim ɗin ya fara da su, kuma ta shirya yin rigima da darakta a kan haka.

"Sauran gidaje ukun sun gani?"

"Nan na fara zuwa."

"Ba za su buɗe miki ƙofa ba, ni na koya musu." Malama ta ɗauki filashin. "Ki dawo gobe da la'asar, ni zan raka ki. Maganar fim kuma sai kowa ya ga nasa tukuna."

Bayan baƙuwar ta tafi, suka sa filashin a tsohuwar kwamfutar makaranta da Malama take zuwa da ita gida. Suka kalla sau biyu suna kuka. A na uku, da ya zo kan gaishe da babban rami, dariya ta ƙwace wa yarinyar, ta sarƙe mata a maƙogwaro. Ta yi maza ta kai gefen mayafi bakinta.

Malama ta kama hannun, ta sauke shi.

"Bar ta ta fito, Mamana," in ji ta. "Mayar da shi farko."