Jiri a Kan Tsani

A asibitin nan, duk abin da ya wuce tsayin ƙofa aikin Baba Tsani ne. Shi ke goge fankoki da murafun fitilu, da ƙarafen da ake rataya labule, da saman kabad inda ba mai leƙawa. Tsawonsa ne ya jawo masa sunan. Abokan aikinsa masu shara sukan tsokane shi cewa a banza asibiti ya ajiye tsani yana da shi.

Kwanan nan sai jiri ya fara kama shi. Da ya ɗaga kai sama ya karkata dama, sai ɗaki ya juya kamar an murɗa shi, can kuma ya tsaya. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa. Furfura ta riga ta cinye gemunsa, kuma ya san idan aka ce mai aikin sama ba ya iya kallon sama, maganar sallama ba ta da nisa. Sai ya koma aiki da doguwar sanda mai tsumma a baki, yana ɗaga ido kawai, wuyansa a sandare.

Wata safiya Sista mai kula da sashen masu karaya ta tare shi a baranda.

"Baba, fankar gadon lungu ta yi baƙi ƙirin. Mai gadon direba ne, ƙafarsa a rataye take, ba ya matsuwa. Kuma ciwonsa a buɗe yake, ba na son ƙura ta sauka a kai. Ka ajiye sandar nan, ka hau ka goge da hannu da jiƙaƙƙen tsumma."

Ya ce, "To, Sista."

Direban mutum ne kakkaura mai surutu. An soka ƙarfe ta cikin ƙashin ƙafarsa, igiya ta bi ta ƙarshen gado, dunƙulen ƙarfe mai nauyi yana reto a ƙasa. Aka kashe fanka, aka lulluɓe shi da leda daga wuya zuwa yatsu. Maman 'Yan Biyu, wadda suke shara tare, ta riƙe tsanin. Baba ya yi bismilla ya hau, yana ajiye kowace ƙafa kamar mai taka ƙwai.

Fiffike na farko ya gogu lafiya. Ƙurar ta haɗu da maiƙo ta daskare, sai da ya kankare da farce ta cikin tsumma. Yana kan na biyu wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce wani ya yi amai a hanyar wucewa, ga masu sandar dogarawa suna bi.

"Baba, sauko ka jira ni," in ji Maman 'Yan Biyu.

"Je ki kawai, tsanin a dafe yake."

Saukar da sake hawan yake gudu. Ta ɗan tsaya tana dubansa, sannan ta tafi da gudu-gudu.

Saura kan fankar, wurin da ta manne da silin. Ba yadda za a gan shi sai an ɗaga kai. Ya ɗaga, ya karkata dama.

Silin ya zame gefe. Tagogi suka bi shi, gadaje suka hau bango. Baba ya rungume kan tsanin da hannu biyu, tsumman ya suɓuce ya faɗa kan ledar, daidai cikin direba. Gwiwoyinsa suka hau rawa, tsanin ya ɗauka, ƙafafunsa na ƙarfe suna ƙwanƙwasa daɓe. Bai ji tsoron tasa karayar ba kamar yadda ya ji na abin da ke ƙarƙashinsa. Idan ya faɗi, a kan ƙafar nan zai faɗi, da ƙarfenta da igiyarta.

"Baba," direban ya kira shi a hankali. "Lafiya kuwa?"

"Jiri."

Direban ya miƙa hannu wajen ƙararrawar kiran ma'aikata, amma ledar ta danne wayar, bai kai ba.

"To ji nan, Baba. Ni dai mota ta riga ta hau ni, kada ka ƙara mini da mutum."

Wani ya yi 'yar dariya daga wani gado, ya haɗiye ta. Baba ya runtse ido, juyin ya ƙaru, amai ya taso masa.

"Kada ka rufe ido," in ji direba. Wasan ya fita daga muryarsa. "Miƙe kanka sosai. Ka ga jar tukunyar kashe gobara a bango? Kafa mata ido, kada ka kalli komai sai ita. Haka nake yi wa fasinja. Malam tela, taimaka ka riƙe masa."

Telan da ke gadon kusa hannunsa ɗaya a ɗaure yake cikin filasta. Ya sauko da kyar, ya dafa tsanin da mai lafiyar, ya tokare shi da ƙugu. Rawar ta ragu. Baba ya zuba wa jar tukunyar ido. Tana tserewa hagu tana dawowa, tana tserewa tana dawowa, har ta gaji ta tsaya wuri ɗaya. Zufa ta jiƙa masa riga sharkaf.

"Ta tsaya?"

"Ta tsaya."

"To sauko da ƙafa ɗaya. Ba sauri muke ba, ni ina nan har wata mai zuwa."

Yana matakin ƙarshe Sista ta shigo, Maman 'Yan Biyu na bayanta hannu a ka. Sista ta nufi gadon direba kai tsaye. Ta ɗauke tsumman, ta yaye ledar a hankali, ta duba igiya da bandeji. Baba yana tsaye yana jiran abin da fuskarta za ta nuna. Da ta tabbatar ba abin da ya taɓu, ta jawo kujera ta zaunar da shi, ta ɗaura masa abin awon jini.

"Yaushe ya fara?"

"Ya ɗan kwana biyu."

"Kuma ka ce mini to." Ta kalle shi har ya sunkuyar da kai. "Da ka faɗo fa, Baba? Mutum biyu zan kwantar."

Ita da kanta ta raka shi wurin likitan kunne. Likitan ya kwantar da shi, ya juya masa kai, jirin ya taso nan take. Ya ce wani ɗan abu ne ya goce a cikin kunne, yawanci ana gyara shi da irin wannan juyin, amma yakan dawo wa wasu. Ba hawa, ba kallon sama, sai ya sake ganinsa.

"Aikina fa, likita?"

"Wannan ba a hannuna yake ba. Bari mu ga kunnen tukuna."

Sista ta ce za ta yi magana da shugaban masu shara a bar shi a gugar daɓe kafin nan. Ba ta yi masa alkawarin komai ba, shi ma bai iya tambaya ba.

Da rana ya koma gadon lungu, kansa a miƙe kamar mai ɗauke da tulu. An riga an sa wani ya ƙarasa fankar, tana juyawa. Ya tsaya a gefen gadon yana murza hannu.

"Direba, ka yafe mini. Na kusa jawo maka wani abin."

"Allah ya tsare, Baba, ya wuce." Direban ya nuna ƙarshen gado da haɓa. "Amma tunda kana ƙasa, taimaka ka sosa mini tafin ƙafar nan. Tun jiya nake roƙo, kowa sauri yake."

Baba ya je famfo ya wanke hannu da sabulu, ya dawo ya tsuguna a hankali. Ya fara sosawa.

"Ƙasa kaɗan," in ji direba. "Yauwa, nan."