Gahawar Baba

Bencin da ke jingine da bangon tanda ya lotsa a wuri uku, kuma kowane gurbi da mai shi. Na tsakiya na Tela ne, wanda idonsa ya daina ganin kafar allura. Na wajen ƙofa na Direba ne, wanda ya ajiye tuƙi amma bai ajiye surutu ba. Na can ƙurya, inda bango ya fi ɗumi, na Baba ne, mai gidan burodin. Tun da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, nan yake manna kafaɗarsa kowace safiya, yana cewa zafin tanda ya fi duk man shafawar likita. Butar shayi ɗaya da burodi ɗaya ke kai su azahar.

Auta, 'yar Baba ta ƙarshe, ita gidan ya faɗo wa a ka. Yayyenta sun watse, kowa da uzurinsa, sai dai su bugo waya su ce Allah ya ƙara sauƙi. Ga sabon shago mai gilashi an buɗe a tsallaken titi, ya janye masu wucewa aiki da safe. Burodi ya fara kwana a kan kanta, mai fulawa kuwa bai san tausayi ba. Idan kiɗa ya canza, dole rawa ta canza, don haka Auta ta sayo injin gahawa.

Mutumin da ya kawo injin irin mutanen nan ne da za su sayar maka da akuya, su zauna koya maka kiwo. Da yamma ya gama haɗawa, ya goge hannu, ya buɗe baki.

"Kada ki cika iri-iri, ranki ya daɗe. Huɗu sun isa. Baƙa, mai madara, mai ƙanƙara don zafin rana, sai guda ta gida wadda ba a samu ko'ina. Ita za ki ɗaga wa farashi. Burodin da ya kwana kuma ki yanka, ki shafa masa bota, ki sake gasawa ya raka kofi."

Auta na gyaɗa kai, sai ya nuna bencin da baki.

"Wannan fa?"

"Na Babana ne."

"Ribar gahawa ba a kofi take ba, a kujera take. Wurin da mutum ɗaya zai ɗumama har azahar, jama'a da yawa za su sha a kai su tashi. Ki sa doguwar kanta a nan, da kujeru masu tsawo marasa majingina. Ƙafa na reto, baya na ciwo, mutum zai shanye ya kama gabansa ba tare da kin kore shi ba. Kofi ma na takarda, mai murfi."

"Babana ba zai iya hawa irin wannan kujera ba."

"To, sai ki zaɓa, ko mai gida ko gidan."

Ta ji haushinsa ƙwarai, mafi yawa don ba ƙarya ya yi ba.

Washegari ta yi niyyar gaya wa Baba. Ta haɗo kofi uku ta kai benci, wai ta nan za ta shigo da maganar. Direba ya kurɓa ya yamutsa fuska.

"'Yata, wannan ai baƙin mai ne. Ko injin tirela sai ya yi tari."

Tela ya yi ta zuba sukari. Baba kuwa ya kurɓa ta gefen bakinsa mai lafiya, ya riƙe a harshe, ya lumshe ido kamar yadda yake yi a da idan yana ɗanɗana kwaɓi.

"Ɗacinta ba shi da aboki," ya ce a hankali. "Je ki kankaro sukarin da ya ƙone a gindin tiren burodi mai zaƙi, ki narka a ciki. Ki ɗan jefa citta."

Ta yi yadda ya ce. Ƙamshin ya cika shagon, har wata mata da ta zo sayen burodi ta tambaya ko na sayarwa ne.

"Ga ta gida nan kin samu," in ji Direba. "Sunanta Gahawar Baba, an gama."

Baba ya yi dariya da rabin fuskarsa, dariyarsa ta farko tun kwanciyar asibiti. Sai Auta ta fasa maganar da ta kwana tana shiryawa. Ta ce wa ranta ba a yanke wa mara lafiya dariya. Gaskiyar ita ce tsoro ta ji.

Ranar da aka kai Baba ganin likita ta kira kafinta. Ya ƙwanƙwasa bencin, ya girgiza kai.

"Katako irin wannan ba a samunsa yanzu. Zubarwa asara ce. Ba allon rubuta sunayen gahawa kika ce kina nema ba?"

Ya cire ƙafafun, ya shafa baƙin fenti, ya kafe katakon a sama da kanta. Mai zane ya jera sunayen gahawar da farin rubutu. Fenti ya rufe launin katakon, amma bai cike guraben ba. Inda bencin yake a da, aka jera kujerun ƙarfe masu tsawo.

Da safe shagon ya cika irin cikar da Auta ta manta da ita. Inji na huci, layi har bakin titi. A cikin wannan hayaniya tsofaffin uku suka shigo. Tela ya miƙa hannu yana laluben bango, ya ci karo da ƙarfen kujera. Direba ya ɗare guda da ƙyar, ya ce ko kan tirela bai kai wannan tsawo ba. Ba wanda ya yi dariya, sai ya sauko.

Baba ya jingine sandarsa, ya kama kujera da hannun dama, ya yi ƙoƙarin ɗaga ƙafa. Ƙafar ta ƙi. Ya sake gwadawa, gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"Dattijo, ɗan matsa mana, sauri muke yi," in ji wani mai jaka a kafaɗa.

Auta ta haɗa ta gida, ta miƙa wa mahaifinta. Sai da ya karɓa ta lura ta danna wa kofin murfi, don hannun har ya saba. Baba ya dubi murfin, sannan ya ɗaga kai ya dubi allon. A can ƙarshe, cikin gurbin da ya fi zurfi, sunansa ne a rubuce. Ya daɗe yana kallo.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Ashe dai kin bar mini wurina."

Babu faɗa a muryarsa, kuma da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya juya zai tafi, ya tsaya. Hannu ɗaya gare shi, ga kofi, ga sanda. Ya ajiye kofin a kan kanta bai buɗe ba, ya ɗauki sandar. Tela da Direba suka sa shi a tsakiya suka fita.

Gidan burodi ya tsaya da ƙafarsa. Cikin huɗun nan babu wadda ake nema kamar ta gida. Lokaci-lokaci wani yakan karanta allon yana jiran kofinsa, ya tambaya wane ne Baban.

"Yana gida," Auta kan ce, ta danna murfi.