Takalman Kubura a Kan Kwano

Daren jiya wani mafarki ya zo mini, ni kuwa ba mai mafarki ba ne. Mahauci ne ni, in na kwanta na kwanta ke nan.

Ga abin da ya faru kafin nan. Matata Kubura ta haihu, ba a daɗe da suna ba. Malamar asibiti ta ce ta riƙa ɗan tattaki a tsakar gida, a hankali, kada jini ya kwanta mata a ƙafa. Na ce ba a gidana ba. Tara uwata ta haifa, in ba wanka ba ba ta ƙetare bakin ƙofa sai an yi arba'in. Da Kubura ta nace, na kwashi takalmanta na wurga kan kwanon ɗakin girki.

To, a mafarkin sai ga ni a wani gari da ake cire wa mai jego ƙafafu ranar haihuwa, mijinta ya kai ajiya. Ba jini, ba kuka. Kwancewa ake yi kamar ƙafar gado. Ruwan sama a garin daga ƙasa yake tashi, da zafinsa, yana warin ganyen darbejiya. Mata na kwance a ƙofofin ɗakuna, ƙuda na binsu.

Kubura ta ce mini, "Malam, yau arba'in. Je ka karɓo mini, ina son in kai yarinyar nan gidanmu."

Sai ga ni a wurin ajiyar. Rumfa ce irin tamu ta mahauta, ƙafafun mata reras a rataye jikin ƙugiyoyi, wasu da lalle. Wani bunsuru ne ke kula da wurin, yana zaune kan kujera yana tuƙa.

Ya ce, "Na gane ka. Kai ka yanka ƙanena."

Na ce, "Sana'a ce. Ƙafafun matata na zo karɓa."

Ya nuna da gemu. Na gan su a can ƙarshe. Sun kumbura, sun yi baƙi. Na danna da yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba. Na san nama. Wanda ya kai haka ba na sayar wa ko maƙiyina.

Na ce, "Lafiyayyu na kawo muku."

Ya ce, "Lafiyayyu ka kawo. Kowace safiya muna sauke na mutane su zaga rumfa. Naka kai ka ce kada a taɓa."

"Haka uwata ta yi."

"Ga nata can, ba wanda ya zo karɓa."

Na duba. Na gane su da zoben yatsa. Sai na tuna yadda take jan jiki a bango har ta rasu, muna cewa tsufa ne.

Na saɓo na Kubura a kafaɗa, sun fi cinyar bijimi nauyi. Da na iso gida na ɗaura mata. Ta yunƙura, suka ƙi ɗaukarta. Ta sake yunƙurawa. Jaririyar ta sauka daga cinyarta, ta miƙe tsaye, ta dube ni ta ce, "Baba, ni zan goya ta?" Kubura ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Malam, mayar musu. Ka ce a ba wata."

Sai na ji ƙarar abu yana kartar kwano, ƙurr, ƙurr.

Na buɗe ido, gari ya waye. Na leƙa tsakar gida. Kubura ce tsaye ba takalmi, goye da yarinyar, tana zungurar rufin ɗakin girki da gora. Takalmi ɗaya ya riga ya faɗo. Ta gan ni, ba ta sauke gorar ba.

Na ce, "Matsa hagu. Ɗayan yana can wajen indararo."